Keken Malam Iro da Rigar Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Mannir ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, danginmu ba masu barin mutum ya huta ba ne. Shekara biyu ke nan, amma har yau in an haɗu a wurin suna ko zaman gaisuwa, da na zo zama kusa da mutum sai ya tattare rigarsa ya matsa gefe. Ni kuwa sai in ciro waya in yi kamar ana nemana.

Bari in fara da amsa laifina: ni mai tara tsofaffin kekunan ɗinki ne. Ba manyan nan masu tebur da ake takawa da ƙafa ba, ƙananan nan na hannu, baƙaƙe masu zanen ruwan gwal, waɗanda ake kifa wa murfin katako a ɗauka kamar akwati. Irin waɗanda teloli masu yawo ke saɓawa a kafaɗa suna bin lunguna suna kaɗa almakashi. Abin ya samo asali ne daga keken mahaifiyarmu. Da ta rasu aka zo raba kayanta kowa ya kauce masa, ni kuma na ɗauka don tunawa da ita. Na kai shi gida, na goge, na ɗiga masa mai, na juya hannun, sai ga ƙarar nan da na tashi ina ji tun ina rarrafe. Daga ranar ciwon ya kama ni.

Kafin shekara shida na tara goma sha ɗaya. Wani daga Daura, wani daga Jibiya, akwai ma wanda na bi har Maraɗi na ɗauko a bayan mota ina rungume da shi kamar jinjiri. Na sa kafinta ya yi musu kabad mai gilashi a falo. A ofishinmu da ke can wajen GRA har laƙabi aka yi mini, wai Sarkin Teloli, domin duk wanda ya yi kuskuren tambayata lafiyar kekuna, to aikinsa na ranar ya tsaya. Zan gaya masa wanda ya fi tsufa, da wanda ƙoshiyarsa doguwa ce, da yadda ake gane na ainihi daga jin kukansa.

Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban iya ɗinki ba. Ko maɓalli ban taɓa dasawa ba (na taɓa gwadawa sau ɗaya, maɓallin ya zauna daram, sai dai rigar ta daina buɗewa). Abin da na ƙware a kai shi ne juya hannun keke ba zare ba ƙyalle, in lumshe ido ina saurare. Maiɗakina ce kaɗai ta san sirrin, kuma ba ta gajiya da tuna mini. "Gida mai keke goma sha ɗaya," in ji ta, "amma wandon makaranta in ya yage sai na aika bakin titi."

To, lokacin da muka je Ƙofar Ƙaura nema wa Mannir aure, a nan na ga keken da ya hana ni sukuni. Muna fitowa daga gidan iyayen yarinyar, sai idona ya faɗa cikin zauren da ke kallonsu. Wani tsohon tela ne zaune a kan buzu, sunansa Malam Iro, gabansa ɗan benci, a kan bencin kuwa ga keken da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya fi duk nawa ƙanƙanta, mariƙin hannunsa na farin tangaran, zanen jikinsa ya goge sarai a daidai inda ƙyalle ke bi. Malam ya ce da shi ya yi yawon ƙauyuka tun yana saurayi, kafaɗarsa ta dama ma har ta fi ta hagu sauka saboda shi. Na roƙi izini na juya hannun sau uku. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Washegari na dawo ni kaɗai, muka gaisa tun daga gajiya har iyali har zafi, sannan na kawo maganar ko zai sayar.

"Alhaji," in ji shi, "mutum ukku sun zo kahin kai, duk na hana. Ido ya yi rauni, na san rabuwa ta zo. Amma ba ni ba da shi ga wanda zai aje shi shina kallo. Wanda zai yi aiki da shi nike nema. Ka iya ɗinki?"

Ga inda ya kamata in tsaya. Amma bakina ya riga hankalina.

"Haba Malam, ai a gindin keke na tashi. Kayan yarana duk ni ke ɗinka masu."

(Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa, Allah Ya yafe mana.)

Ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Daga nan na mayar da zauren Malam Iro wurin hirata. Wata uku ina zuwa, yau da goro, gobe da lemo, ina zuba masa ilmin kekuna yana saurare. Duk lokacin da wani ya kawo gyara ina zaune, sai in tuna ina da uzuri a ofis. A ƙarshe dai ya ce mini, "Bari a gama bikin ɗiyar maƙwabcina, in sha Allahu ran nan zan ba ka amsa." Na koma gida na matsar da kekuna biyu a kabad, na share wurin da sabon zai zauna.

Ranar ɗaurin aure ta kama Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a tsakiyar bazara. Mazan gidanmu duk mun yi anko na farar shadda iri ɗaya, daga tsofaffi har samari. Da safe babu wuta, na ce ni zan goge kayana da dutsen guga na gawayi, ba sai an taya ni ba. Babbar riga ta fito lafiya, wando ya fito lafiya. 'Yar ciki ce na tsaya amsa waya a kanta, na dawo na tarar da hoton dutsen guga ja wur a tsakiyar baya, har da ɗan rami. Na ce ba komai, ai babbar riga za ta rufe, wa zai sa ni tuɓewa a gidan biki?

Wakilin ango shi ne Baffa Lawal, ƙanen mahaifinmu. Tsohon hedimasta ne, gajere, mai saurin tafiya da saurin fushi, wanda har yau in ya kira sunana sai na ji kamar ban yi aikin gida ba. Kowa ya san in babu wakili babu ɗaurin aure. Ango ma yana iya zamansa a gida, amma Baffa dole ya zauna gaban liman ya nemi aure ya karɓa.

Saura minti goma sha biyar, Baffa ya zo wucewa ta gefen rumfar da aka kafa a ƙofar gida, wani ƙarfe ya kama gefen rigarsa na dama. Ji kake kyaaat! Ta yage kusan kamu guda. Aka yi cirko-cirko. Gidansa da nisa, liman kuma ya riga ya faɗa cewa yana da wani ɗaurin auren a wata unguwa, ba zai jira kowa ba. Sai wani ya ce ai ga zauren tela nan. Muka ɗunguma, ni a gaba, ina jin daɗin zan nuna wa dangi abokina da kekensa.

Malam Iro ya shafa yagar da yatsunsa, ya ce, "Wannan ba wani aiki ba ne, ba sai ya tuɓe ba ma. Rigar na da faɗi, shi zauna kusa da keke a miƙo gefen. Sai dai ni idona ba ya ganin fari bisa fari yanzu." Ya juyo wajena. "Amma ga ɗanku nan. Ai shi ke ɗinka ma yaranshi kaya."

Baffa ya dube ni ta saman tabarau. "Kai? Tun yaushe?"

"Ai ba komi ake faɗi ba, Baffa," na ce.

Kafin in ƙifta ido bakin zauren ya cika. 'Yan uwa, abokan ango, har da mutum biyu daga ofishinmu, ɗaya yana cewa, "Ku ba Sarkin Teloli wuri!" Na duba hagu na duba dama, babu hanyar gudu. In na ce ban iya ba, keke ya tafi, ga kunya a gaban jama'a. In na zauna kuwa, wa ya sani, ƙila keken ya rufa mini asiri. Zare fari yana kai, Malam ya ce na ƙasa ma fari ne. Na yi bisimilla na zauna, Baffa ya zauna a hagu da ni yana huci.

"Alhaji, ba ka tuɓe babbar rigar?" in ji Malam Iro. "Tela ba ya zama bisa keke da ita."

Na tuna hoton dutsen guga. Na ce, "A'a Malam, ni haka na saba." Na naɗe hannuwan rigar a kafaɗa kamar yadda ake yi in za a ci tuwo.

Na haɗa bakin yagar, na tura ƙarƙashin allura, na sauke ƙafar keke. Har na matsa ɗan ƙarfen da ke daidaita ɗinki zuwa mafi ƙanƙanta, ina bayani da ƙarfi cewa kekunan yanzu ba sa iya ɗinki mai laushi irin wannan. Sannan na kama farin mariƙin nan na juya.

Jama'a, keken ya tafi. Ƙyalle na shiga, allura na hawa da sauka, ɗinki na fitowa ta baya siriri kamar layin tururuwa. Ban san lokacin da tsoro ya sake ni ba. Ashe haka abin yake da sauƙi! Shekara shida ina hana kaina wannan daɗi! Na ɗaga kai ina murmushi, ina amsa kirarin mutanen ofis, hannu na ta juyawa. Yagar ta ƙare amma ban tsaya ba, na ƙara kusan taƙi guda don ƙarfi. Ban ji lokacin da naɗin kafaɗata ta hagu ya zame ya sauka ba. Ko da na duba ma, farar shadda ce a kan farar shadda, daga bandir ɗaya aka yanko su.

Na ɗaga ƙafar keke, na yanke zare, na ce, "Baffa, an gama."

Baffa ya duba, ya ja ɗinkin da hannu biyu, bai motsa ba. A karo na farko a rayuwata na ji ya ce mini, "Ka yi ƙoƙari." Ya miƙe tsaye da saurin nan nasa, sai na ji an fizgi kafaɗata har hulata ta karkace. Na ɗauka ƙusa ce a benci. Na sunkuya ina nema, Baffa ya ƙara taku ɗaya, na bi shi da gwiwa.

Baffa ya ɗaga gefen rigarsa a hankali, gefen tawa ya biyo shi. Tun daga farkon ɗinkin har ƙarshe, har da ƙarin da na yi don ƙarfi, rigata na manne da tasa, da ɗinkin nan mafi ƙanƙanta da na gama yabo.

Wani daga baya ne ya fara, irin dariyar da ake toshewa da hula ta fito ta hanci. Shi ke nan, zaure ya ɗauka.

"Tuɓe taka!" in ji Baffa.

"Baffa, don Allah, ba ta tuɓuwa," na ce da raɗa. "'Yar cikin ta ƙone."

"To a yanke ta!"

Malam Iro ya janye almakashinsa ya tura ƙarƙashin buzu. "Ni dai ban taɓa sa almakashi ga riga mai lahiya ba, kuma ba a zaurena za a fara ba. Warwarewa za a yi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗinki kuwa sai ya ci rabin awa."

Daidai nan muryar sanƙira ta tashi daga waje: "Ina wakilin ango? Liman na jira! Wakilin ango ya matso!"

Baffa ya dube ni kallon da ya saba yi wa 'yan makara. Ya ce, "Tashi mu tahi."

Tsakanin zauren Malam da tabarmar liman bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Baffa gajere mai sauri, ni dogo mai tumbi, tsakaninmu ƙyalle bai kai kamu ɗaya ba. In ya yi taku biyu sai in yi ɗaya da rabi, a karkace, kafaɗa a sauke. Mutane na miƙo hannu su gaisa da shi, duk ɗaga hannun da zai yi sai na rusuna kamar ni ake gaisarwa. Wajen cire takalmi muka kusa kifewa tare. Muka ratsa sahun dattawa har gaban liman, Baffa ya zauna ba tare da ya sanar da ni ba, na faɗo kusa da shi tim.

Liman ya dube mu, ya dubi waliyyin amarya, ya sake dubanmu. "To, wane ne wakilin a cikinku?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam," in ji Baffa. "Wannan ɗinke mu ya yi."

Liman mutum ne mai kamun kai, amma na ga gemunsa na rawa. Sanƙira kuwa da ma abin da yake nema ke nan. Ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida, gidan ango sun zo da wakili, sun zo da ƙari! Zumunci ya kai zumunci, har da zare!"

Na so ƙasa ta buɗe in shige, amma ko ta buɗe sai na tafi da Baffa. Haka aka yi sigar ɗaurin auren ina zaune a tsakiyar dattawa, gumi na bin bayana, wayoyi sun yi mana rumfa. Baffa ya nemi aure, aka ba shi, ya karɓa. Da aka ɗaga hannu za a shafa fatiha, shi ya ɗaga nasa sosai, ni kuwa nawa na hagu ya tsaya a rabi. Ni dai addu'ata a lokacin ba ta ango da amarya ba ce.

Bayan an watse muka koma zauren, har yanzu a jere. Malam Iro ya kori 'yan kallo, ya ɗauko reza, ya ɗora ɗinkin a gwiwarsa yana bin sa da yatsa yana tsinkewa ɗaya ɗaya, ko kallon wurin ba ya yi. Baffa ya juya mini ƙeya. Babu abin da ake ji sai ƙaramar ƙarar zare. Shirun ya fi mini dariyar ciwo, na kasa daurewa.

"Malam," na ce, "ƙarya na yi maka. Ban iya ɗinki ba. Yau na fara."

"Ai mun gani," in ji Baffa, bai juyo ba.

Malam Iro bai yi dariya ba. Ya ci gaba da aikinsa har ya kai ƙarshe, ya raba rigunan, ya hure guntayen zare. Sannan ya jawo keken, ya kama yagar Baffa, ya ɗinke ta da lalube cikin ɗan lokaci kaɗan, ɗinki miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Baffa ya karkaɗe rigarsa ya fita ko sallama bai yi mini ba.

"Alhaji," in ji Malam, "na yi maka alkawarin amsa yau. Keken na ba amarya Murja, da shi za a kai ta. A nan zauren ta koyi ɗinki tun tana ƙarama."

Na ce ta cancanta.

"Ta cancanta. Amma tana da nata na lantarki, ba ta matsu da wannan ba. Kai ne na ga kana son shi kamar ranka. Da ran da na tambaye ka ka ce mani ba ka iya ba, da na ce ka riƙa zowa kana koyo. Wata ukkun nan da ka yi kana kawo mani lemo, ai da yanzu ka iya wando, da kuma keken na gidanka."

Wannan magana ta fi komai yi mini zafi a ranar, har ta fi ta sanƙira. Na yi masa godiya, na fito, na zauna cikin mota na daɗe ban tayar ba. Ba kunya ce kaɗai ta hana ni motsi ba, baƙin ciki ne sosai, irin na wanda ya san shi ya yi wa kansa.

Yanzu keken yana gidan Mannir, a cikin ɗakin Murja. Wato ya shigo danginmu, sai dai ya sauka a ɗaki ɗaya tak a duk faɗin Katsina da ba ni da ikon leƙawa. Ni ne babban wa, matar ƙane kuwa tsakanina da ita sai gaisuwa daga bayan labule, tana durƙushe, ni ina kallon ƙasa. In na kai ziyara a falon waje ake ajiye ni. Wani lokaci ina shan ruwa sai in ji kukan keken ya tashi daga can ciki, Mannir ya dube ni ya danne dariya, ya ce, "Yaya, in ce ta tsaya ne?" Sai in ce a'a, a bar ta ta yi aikinta.

Abin da na koya dai bai da yawa. In tsoho ya tambaye ka ko ka iya abu, ba gwaninta yake nema ba, so yake ya san daga inda zai fara da kai. Shi ya sa yanzu ko shayi aka tambaye ni na iya dafawa, sai in gyara zama in ce ina dai koyo.